Saƙonnin "akwai bairos" sun addabi kwamfutar gidanmu, sai an yi fomat?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Unguwar Rogo, Jos nake rubutowa. Tun da yarana suka shiga wani shafin kallon ƙwallo kyauta, kwamfutar gidanmu ba ta huta ba. Saƙonni na ta faɗowa a ƙasa ta gefen dama, wasu tallan caca, wasu hotunan da ba su dace ba, wasu kuma da tambarin McAfee, manhajar kariya daga bairos, suna cewa bairos ya cika kwamfutar, in danna a goge. Mai gyara ya ce sai an yi fomat, ga shi takardun aikina da hotunanmu duk suna ciki. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, kada ki bari a taɓa miki takardunki tukuna. Yadda kika kwatanta, a ƙasa ta gefen dama, wannan sanarwar burauza ce, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome ko Edge. Shafin ƙwallon ya ce wa yaran su danna Allow kafin bidiyo ya buɗe, ko don su nuna su mutane ne, suka danna. Da wannan dannawar suka ba shi izinin turo saƙo duk lokacin da ya ga dama. Ki duba saƙon da kyau, za ki ga sunan shafin da ƙananan haruffa.

Janye izinin ba wuya. A Chrome, ki rubuta chrome://settings/content/notifications a wurin rubuta adireshi. Ƙarƙashin jerin shafukan da aka yarda su turo sanarwa, duk wanda ba ki sani ba ki danna ɗigo ukun da ke gabansa ki zaɓi Block. Kada ki zaɓi Remove, domin shi yana barin shafin ya sake roƙo gobe, yaro ya sake dannawa. Tunda kwamfutar ta gida ce, ki hana shafuka neman izinin gaba ɗaya, zaɓin yana nan sama a wannan shafin. In Edge kike amfani da shi, adireshin ɗaya ne, sai dai ki fara da edge maimakon chrome.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma kullum sai na maimaita shi. Mutane sun ɗauka shafin intanet yana iya leƙa cikin kwamfuta ya ƙirga bairos. Ba ya iyawa. Wannan layin da kike gani yana tafiya kamar ana bincike, da lambobin da ke ƙaruwa, duk zane ne, iri ɗaya ake nuna wa kowa, har wanda ya sayo sabuwar kwamfuta yau. Kamar mutum ne ya tsaya a ƙofar gida yana rantsuwa akwai maciji a ƙarƙashin gadonki, alhali ko zaure bai shiga ba. Tambarin McAfee ko Norton ko Microsoft kuwa hoto ne kawai, kowa na iya kwafo shi ya liƙa.

Saƙon shi kaɗai ba ya cutar da kwamfutarki. Dannawar ce ke kawo cutar. Ko dai ta sauke miki wata manhaja da sunan mai sharewa, wadda ita ce ainihin ɓarnar, ko ta kai ki inda za a nemi lambar katin bankinki, ko ta ba ki lambar waya ki kira "injiniya". Microsoft ba ya sa lambar waya a saƙon gargaɗinsa. Wanda zai ɗauki wayar zai sa ki sauke AnyDesk ko TeamViewer, manhajoji ne na halal da ake aiki da su daga nesa, amma da zarar kin karanta masa lambar da ta fito, linzamin kwamfutarki ya koma hannunsa. In wani a gidan ya riga ya yi haka, ki cire intanet nan take, ki goge manhajar, ki kira bankinki a toshe katin, sannan ki sauya kalmomin sirrinki ta wata na'urar daban. In shafi ya cika fuskar kwamfutar yana ihu ya ƙi rufuwa, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki kashe burauzar a Task Manager ɗin da zai buɗe, kuma in ta tambaye ki ko ta dawo da shafukan da aka rufe, ki ƙi.

Batun fomat kuwa, ni dai yana ba ni takaici. Wasu masu gyaran ba su san wani magani ba sai shi. A goge miki komai, a zuba miki Windows da Office na sata daga filas ɗin da ya zaga kwamfutoci barkatai, a kashe Defender, mai kare Windows daga bairos, don manhajar satar ta zauna, a miƙo miki. Kin biya kuɗi an rage miki tsaro. Kuma da kin shiga asusunki na Google, ƙananan manhajojin da ke maƙale a Chrome, har da masu cutarwa in akwai, za su iya dawowa da kansu.

In bayan toshe sanarwar talla ta ci gaba, ko shafin bincikenki ya sauya da kansa, to akwai abin da ya shiga. Ki buɗe chrome://extensions ki cire duk abin da ba ke kika sa ba. Ki shiga Settings na Windows, ɓangaren Apps, ki jera manhajoji bisa ranar da aka sa su, ki cire baƙin da suka shigo daidai lokacin da matsalar ta fara. Sai ki yi Full scan a Windows Security, ki bi da AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes, kyauta ne, amma daga shafin kamfanin kawai za ki sauke shi. Daga ƙarshe ki yi Reset settings a Chrome, ba ya goge kalmomin sirrin da kika adana.

Ki buɗe wa yaran asusunsu daban a Windows, irin wanda ba shi da cikakken ikon sa manhaja. In kuma Windows 10 ce a kwamfutar, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka ki duba ko za ta ɗauki Windows 11. Kafin duk wannan, ki kwafe takardunki da hotunan a filas ɗinki na kanki.