Lambobin loga na tsalle duk lokacin da aka tada injin ban ruwa

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ina auna zafin ƙasa a wata gonar noman rani, na haɗa loga CR1000X (na'urar da ke karanta awo tana ajiyewa) da maltifleksa AM16/32B (na'urar da ke ba loga damar karanta sensoci da yawa bi da bi), sensocin kuma tamokoful ne nau'in T (wayoyin ƙarfe iri biyu da aka haɗa bakinsu don auna zafi). Komai lafiya lau, amma da an tada injin ban ruwa mai lantarki sai lambobin su fara tsalle. Akwai tazarar kusan mita 20 tsakanin akwatunan biyu, kowanne kuma na kafa masa rodin atin nasa, wato sandar ƙarfen da ke sauke wuta cikin ƙasa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh, rodin nan biyu su na fara zargi. Ƙasar da ke wajen loga da wadda ke wajen maltifleksa ba lallai ƙarfin wutarsu ya zo ɗaya ba, balle ga injin da ke ɗan zubar da wuta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai wutar ta shiga ta wannan rodi ta bi siririyar wayar da ta haɗa na'urorinka ta fita ta wancan, loga kuma ya lissafa ta a matsayin awo. Tamokoful T abin da yake bayarwa kusan maikrobolt 40 ne a kowane digiri ɗaya. Kaga in miliamfiya 10 kacal ta ratsa wayar da ke da om 0.1, an samu milibolt 1, wato kuskuren digiri 25 kenan.

Mafi sauƙi ka maido da maltifleksar cikin akwatin loga, atin ɗinsu ya haɗu a wuri ɗaya ya sauka rodi ɗaya da wayar tagulla mai kauri, gajera, ba lanƙwashe-lanƙwashe. In dole sai sun rabu, ka ɗaure rodin biyu da waya mai kauri domin wutar ta samu hanyarta ta bar wayoyin awo su huta. Kar ka ce za ka cire atin gaba ɗaya tunda shi ya jawo rigima, da damina ta faɗi tsawa ɗaya a kusa ta isa ta ƙone maka loga.

Sai ka duba fuskar logan da kyau, atin iri biyu ne a jiki. Inda aka rubuta G nan ne wutar bolt 12 take komawa, can za ka sa wayar da ta fito daga tashar atin maltifleksa mai rubutun GND. Mai alamar atin da ke gefen tashoshin awo na sigina ne kawai. Mutane da yawa suna cakuɗa su don duk "ƙasa" ce a ganinsu, kuma wallahi nan ake yawan samun ɓarna. Ragar nan da ta nannaɗe wayar sensa ita ma a ɓangare ɗaya ake ɗaure ta, ɓangaren na'ura, can bakin sensa ka yanke ta ka naɗe da salatif kar ta taɓa ƙasa.

Awon kansa ka yi shi da waya biyu, H da L, loga ya ɗauki bambancin da ke tsakaninsu, a haka duk hayaniyar da ta hau wayoyin biyu tare sai ta soke kanta. In ka saita maltifleksar a yanayin 2x32 har tamokoful 32 za ka ɗauka. A cikin furogiram ka zaɓi tacewar 50 Hz tunda wutar Najeriya da Nijar haka take, ba 60 ta Amurka ba, sannan bayan kowane bugun CLK, wato siginar da ke matsar da maltifleksa zuwa sensa na gaba, ka ɗan jinkirta kafin awo don rilen, makunnin da ke cikinta, ya gama zama. Wayoyin sensa kuma kar su bi rami ɗaya da kebul ɗin injin.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba amma ya dame ni. In loga ne ke auna zafin mahaɗa, wato inda wayar tamokoful ta ƙare a jikin na'ura, dole wayar da ta taso daga tashar COM ta maltifleksa zuwa loga ta zama ta tamokoful, tagulla da konstantan, in ka sa tagulla zalla to mahaɗar ta koma kan maltifleksa, can ya kamata ka sa tamista, wani ɗan sensan zafi, ka auna. Wata maltifleksar mai suna AM25T an yi ta ne musamman don wannan, tana da nata ma'aunin a ciki.

Batun ramin rodi kuwa, ƙasarmu mai rairayi in ta bushe da rani ba ta karɓar wuta sosai. Masu wayarin suna zuba gawayi da gishiri, yana aiki na ɗan lokaci amma gishirin yana cin rodi, ni na fi son rodi dogo kamar mita 2.4 da bentonait, wani irin yumɓu mai riƙe danshi.

Kafin ka kwance komai, sa mitar auna wuta a kan AC tsakanin rodin biyu, ka auna injin na kashe, ka sake aunawa yana kunne, ka turo min abin da ka gani.