Wane irin murfi ya dace da bakin fanka a akwatin batir da inbata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya a Marwa. Na sa mai walda ya haɗa mini akwatin ƙarfe a bayan shago, na zuba batir biyu masu ruwa da inbata mai wat 1000. Na huda gefensa na ɗaura fankar tsohuwar kwamfuta, mai santimita 12, tana fitar da iska waje. Ramin a buɗe yake, ina tsoron ruwan sama da ƙura. Na ga murfin roba a kasuwa mai ganyaye da ke ɗagawa idan iska ta buso. In saye shi ne, ko in sa a yi mini na kwano?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a kasuwa. Kada ka sayi na robar nan. Sa a yi maka na kwano mai kafaffun ganyaye, kuma ya fi fankar girma sosai.

Wancan murfin mai ɗagawa an yi shi ne don fankar bango ta kicin ko bayi, wadda ke da ƙarfin tura shi. Fankar kwamfuta mai bolt 12 tana kwasar iska da yawa idan babu abin da ya tare ta, amma da zarar ta gamu da cikas sai ta yi laushi. Za ka ga ganyayen sun ɗan ɗaga kamar faɗin yatsa suna kaɗawa, fanka tana ta ƙara, iskar kuwa tana dawowa ciki. Idan hunturu ya zo, ƙurar nan mai laushi da iska ke ɗebowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi ta shiga mahaɗin ganyayen, sai su maƙale. Ranar bazara kuma tana gasa roba har ta soma karyewa. Babban aibinsa shi ne yana rufewa ruf idan fanka ta tsaya, kuma a akwatin da ke da batir mai ruwa wannan haɗari ne. Batirin yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, musamman idan ya kusa cika. Ba ta da wari, sama take tashi, kuma idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar da ke wurin, tartsatsi ɗaya ya isa ta kama. Dole saman akwatin ya kasance da mafita a buɗe dare da rana, ko fanka na juyawa ko ba ta yi.

Mu yi lissafin iskar da kake bukata. Inbata mai wat 1000 idan tana ɗauke da cikakken kaya tana zubar da kusan wat 100 a matsayin zafi. Ƙa'idar da muke aiki da ita: ninka wat ɗin zafin nan sau 3, ka raba da yawan digirin da ka yarda cikin akwati ya fi waje zafi. A Marwa, Garwa ko Njamena, inda watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ba ka da rarar da za ka yi wasa da ita, don haka mu ce digiri 5. Wato mita kubik 60 na iska a kowace awa. Fanka irin taka za ta iya, in dai ba a shaƙe ta ba. Murfi mai ganyaye kuwa yana cinye kusan rabin faɗin ramin, ragar sauro ta ƙara cin nata. Bakin fankarka bai wuce murabba'in santimita 100 da ɗoriya ba, to idan aka yi murfin daidai da shi ka rage mata hanya da fiye da rabi. Shi ya sa nake cewa a yi shi santimita 20 tsawo, 20 faɗi.

Ga abin da za ka gaya wa mai walda. Ya yanko kwano sili-sili, kowane faɗin santimita 4. Ya jera su a firam irin yadda ake jera gilasan tagar nako, a karkace digiri 45, bakin waje yana kallon ƙasa, da tazarar santimita biyu da rabi tsakanin wannan da wancan. A haka kowane ganye zai ɗan rufe kan na ƙasa da shi. Bakin ciki na kowane ganye a lanƙwasa shi sama kamar rabin santimita. Wannan ɗan leɓen shi ke tare ruwan da iska ta turo, kuma shi ne masu walda suka fi tsallakewa saboda yana cin lokaci, sai ka tsaya a kansa. Kafin ka biya, ka ɗaga murfin daidai idonka ka duba ta cikinsa a miƙe. Idan ka hango haske ta tsakanin ganyayen, ruwa ma zai sami hanya. Alminiyam ya fi, ba ya tsatsa, almakashin kwano na yanka shi, ribit na riƙe shi. In kwanon rufi aka samu, a shafa fenti a duk bakin da aka yanka.

Raga ta waya za ka sa ta ciki, ba don sauro ba, don ƙadangare da ɓera da zanzaro. Zanzaro na son irin wannan wuri, na sha buɗe inbata in tarar da gidansa na laka a manne da allon wutar. A ɗaura ragar da noti yadda za ka iya cire ta ka karkaɗe.

Sai abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi murfin muhimmanci: rami ɗaya bai isa ba, kuma da ni ne sai in juya fankar. Ka mayar da ita ƙasan akwati tana tura iska ciki, ka buɗe mafita a can sama ta ɗaya gefen, ita ma da irin wannan murfi. Ribar biyu ce. Iskar batir ba za ta bi ta cikin fankar ba. Sannan akwatin da ake hura wa iska ba ya tsotso ƙura ta kowace kafa da bakin ƙofa, ta hanya ɗaya take shiga, inda za ka iya sa siririn soso ya tace ta. Ka bar tazarar yatsu biyu tsakanin fanka da murfin, in ba haka ba za ta dame ka da ƙugi. Kuma a sa shamaki tsakanin batir da inbata, kowanne da mafitarsa, don tururin ruwan batir yana cin wayoyin wuta.

Kada bakin murfin ya kalli gabas. Hadarinmu daga can yake tasowa da iska mai ƙarfi, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Kudu ko yamma sun fi. A kuma yi wa akwatin rumfa, ko ta zana ce, domin ƙarfen da rana ke duka ba fankar da za ta sanyaya shi. Batir irin naka a digiri 25 aka auna rayuwarsa, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage ta da rabi.

Bayan an gama, ka sami ma'aunin zafi ka gwada da azahar lokacin da wayoyi suka yi yawa a kan caji: ɗaya a inuwar waje, ɗaya a saman akwati ta ciki. Idan bambancin ya haura digiri 10, fara cire soson ka sake aunawa. In ya sauka, soson ne ya yi kauri ko ya toshe, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu sai ka riƙa wanke shi duk mako. In bai sauka ba, ƙara faɗin mafitar sama tukuna kafin ka kashe kuɗi a kan fanka ta biyu.