Me Ya Sa Ake Sauya Lokacin Shiri a Talabijin?

Tambaya: Wasan kwaikwayon da muke kallo ƙarfe 8 na dare an mayar da shi ƙarfe 10, yanzu rabin gidanmu barci ke kwashe su kafin a fara. Me ke jawo haka? Daga wata mai karatu a Azare, Jihar Bauchi.

Amsa: Malama, galibi kuɗin talla ne. Tsakanin sallar isha'i da ƙarfe 10 ne aka fi zama gaban akwati, don haka tallar wannan lokaci ta fi tsada, kuma wanda ya fi biya shi ake ba wa gurbin. Ga kuma abin da ba ya motsi: labaran ƙasa na NTA ƙarfe 9, da tafsiri in azumi ya kama.

Illar tana kan shirin. Mai kallo in ya rasa kashi biyu ko uku, zaren labari ya kuɓuce masa, sai ya haƙura. Masu kallo na raguwa, masu talla su janye, furodusa ya kasa biyan kuɗin gurbi. A ganinmu, bai kamata tasha ta sauya lokaci ba tare da sanarwar mako biyu ba.

Ki riƙa duba rubutun da ke wucewa ƙasan allo da shafin tashar na Facebook, ki kuma tambayi ranar maimaici.