Za A Iya Ƙera Soja Irin Na Fim Kuwa?

Tambaya: Malam, na kalli Universal Soldier da Captain America, inda likitoci ke sarrafa jikin soja har ya gagari runduna. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Amsa: Akwai, amma ba a inda masu kallo ke zato ba. Tayar da gawa, kamar yadda aka yi wa Van Damme da Dolph Lundgren a Universal Soldier na 1992, ba mai yiwuwa ba ne: ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 da yankewar iskar oksijin.

Inda fim ɗin ya yi daidai shi ne batun zafi. Ka lura sojojin sai an sanyaya su da ƙanƙara? Daga makamashin da tsoka ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke zama motsi, sauran duk zafi ne. Idan tsoka ta ninku, faɗin fata bai ninku ba, gumi ba zai iya kwashe zafin ba. Zafin cikin jiki na haura digiri 40 sai mutum ya ruɗe, tsoka ta fara lalacewa, abin da ta zubar cikin jini ya illata ƙoda.

Ƙara tsoka kuwa yana yiwuwa. A 1997 masana a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gano myostatin, sinadarin da ke taka wa girman tsoka birki. Shanun Belgian Blue nasu ba ya aiki, shi ya sa suke murɗa-murɗa, amma sau da yawa haihuwarsu sai da tiyata. Sannan jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba ta ƙarfafa da saurin tsoka, don haka masu shan steroid, maganin ƙara girman tsoka, kan tsinke ta. Allura guda irin ta Captain America ba za ta gyara tsoka, ƙashi, zuciya da huhu a lokaci ɗaya ba.

Ƙwaya an riga an gwada. Sojojin Jamus sun sha Pervitin a 1940 don hana barci, ta bar su da galabaita da jaraba.

Gyaran ƙwayar halitta da CRISPR, fasahar yanka da sauya ƙwayoyin gado, gaskiya ne, a 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, mai amfani da wannan fasaha, don masu ciwon sikila. Ƙwayar gado ɗaya tak ake taɓawa, amma sai an ɗebi ƙwayoyin jini na ɓargo, an gyara su a ɗakin gwaji, an kashe tsofaffin da magani mai ƙarfi, majinyaci ya yi makonni a asibiti. Ƙarfi da juriya kuwa ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne ke tafiyar da su.