Folda Kafin Aiki: Amsar Tambayar Nura

Nura, ka ce: “Oga, me ya sa kake hana ni sauke hotuna daga katin kyamara sai na fara buɗe sabuwar folda, alhali kwamfuta tana da wurin nema, in na rubuta suna za ta fito min da abu?” Gara da ka tambaya yanzu, kafin bukukuwan bayan sallah su rufe mu.

Wurin neman nan suna yake bi. To wane suna kyamara take bai wa hoto? IMG_0001, IMG_0002, haka har 9999, daga nan ta koma farko. Kyamara biyu muke ɗauka zuwa biki, kowacce da nata lissafin. Wanda aka turo ta WhatsApp kuwa sunansa kwanan wata ne da WA da lamba. Babu amarya a ciki, babu ango, babu unguwa. Ranar da uwar amarya za ta aiko a sake wanke mata hoton kamu bayan wata takwas, me za ka rubuta a wurin neman? Abin da ya fi wannan muni ma, idan ka juye kati biyu wuri ɗaya aka yi karo da suna iri ɗaya, Windows za ta tambaye ka ko ta maye gurbin na farko. Mai gaggawa sai ya danna Replace. Tsohon hoton ya tafi ke nan, ko a kwandon shara ba za ka same shi ba, kuma ba a sake ɗaurin aure don mai hoto ya yi ɓarna.

Tela a makon sallah ba ya karɓar yadi sai ya rubuta sunan mai shi a takarda ya cusa a ledar. Abin da nake so ka yi ke nan. Kuma ka riƙe cewa ba don kanka na yau kake sa sunan ba, kai yau ka san komai. Don wanda zai zo nema ne, ko ni, ko yaron da za a kawo bayanka, ko kai ɗin kanka ranar da ka manta.

Buɗe foldar ba wani aiki ba ne. Ka shiga inda kake so, ka danna Ctrl da Shift da N tare, ko ka danna ɓangaren dama na maus ka zaɓi New sannan Folder. In ka yi kuskuren suna, F2 ta gyara. Inda aikin yake shi ne sunan. A shagon nan shekara muke farawa da ita, sai wata, sai rana, sannan sunan mai aiki, wato wanda ya kawo mana aikin: 2025-03-08 Bikin Aisha da Kabiru Gwale. Idan ka fara da rana, 8 ga Maris za ta je ta zauna kusa da 8 ga Disamba, amma in shekara ce a gaba, kwamfuta da kanta za ta jera maka ayyuka bi da bi. Sifirin nan na 03 da 08 kar ka bar shi, akwai manhajojin da suke ɗora 10 a gaban 2 idan babu shi. Unguwa kuma dole ce, don ka san yawan Aishar da ke littafinmu.

Kar ka ce za ka rubuta 8/3/2025, Windows ba ta karɓar wannan karkataccen layin a suna, haka ɗigo biyu da alamar tambaya da tauraro. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, tana karɓarsu, amma ni a sunan folda ba na sa su. Fayil ɗinmu yana yawo, daga nan zuwa wurin masu buga babban hoto, zuwa talabijin ɗin gidan amarya, kuma tsofaffin na'urori sukan mai da harafin wani gwaranci. Ka rubuta Daurin Aure da d ɗin ta yau da kullum, kowa zai gane.

A cikin foldar biki, ta farko ita ce 01 Asali. Duk abin da ya fito daga kati nan yake sauka, kowane taro da nasa wuri: Kamu, Daurin Aure, Dina, Budar Kai. Wannan foldar ba a gyara komai a cikinta, ba a goge komai, ko hoton da ya yi duhu. Sai 02 Zabi, wato waɗanda muka tsince, sai 03 Gyara, sai 04 Na Bayarwa, wadda ita kaɗai ce mai aiki zai gani. Kar kuma daɗin abin ya kwashe ka ka yi ta saka folda cikin folda. Hawa uku ko huɗu ya isa. Windows tana da iyakar haruffa 260 ga dukan hanyar fayil, daga sunan faifai har sunan hoton, kuma ranar da ka wuce ta za ka ga kwafi ya tsaya a tsakiya yana cewa suna ya yi tsawo.

Katin gayyata ma haka. Na ga abin da ka ajiye a CorelDraw, manhajar da muke zana kati da ita: “kati na karshe”, “kati na karshe 2”, “na karshen gaske”. Wanne za a kai wa mai bugawa? Ka sa lamba, 01, 02, 03, mafi girma shi ne sabo. Dangin ango ba sa gama canja sunayen masu gayyata sai an kai kati injin.

Bidiyo ne ya fi hukunta mai sakaci. Premiere, manhajar da muke yanka bidiyo da ita, ba ta haɗiye bidiyon da ka jawo cikinta, hanyar da za ta bi ta same shi kawai take riƙewa. Ka yi kwana biyu kana yanka, sannan ka ce bari ka gyara wuri, ka matsar da folda ko ka canja mata suna, gobe ka buɗe ka tarar da jan allo an rubuta Media Offline. Ana iya sake nuna mata hanya, amma ɓata lokaci ne. Shi ya sa tsarin yake zuwa kafin a fara.

Fuskar kwamfuta, wato Desktop, ba ma'aji ba ce. Duk abin da ka zube a kai yana cikin C, ɓangaren faifai da Windows take zaune a ciki, ranar da Windows ta ƙi tashi aka sake ɗora ta, shi ne farkon tafiya. A D muke aiki, amma a wannan kwamfutar C da D faifai ɗaya ne aka raba biyu, in ya mutu tare za su mutu. Don haka ba a goge katin kyamara sai Asali ta shiga faifan waje. Ka lura da ja da maus: daga folda zuwa folda a cikin D matsarwa yake yi, amma daga C zuwa D, ko zuwa faifan waje, kwafi yake yi. Filash kuma abin kai saƙo ne kawai. Abin da ka goge a kansa ba ya biyawa ta kwandon shara, kuma wanda aka tsara da FAT32, wani tsohon tsarin ajiyar fayil, ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya haura giga 4, ko da akwai fili.

A waya, hoton kyamara yana cikin folda mai suna DCIM. Ka buɗe manhajar fayiloli, ka yi folda mai suna Shago, ka riƙa kwafo abin da masu aiki suka turo. Kwafi na ce. In ka ɗauke hoto daga foldar WhatsApp gaba ɗaya, a cikin hirar za ta ce babu shi. Masu iPhone kuma su sani albam jeri ne kawai, wanda ya goge hoto daga babban ma'aji ya goge shi daga albam ɗin ma.

Saura Google Drive, ma'ajin Google na intanet, kuma nan nake so ka natsu. Giga 15 suke bayarwa kyauta, kuma da Gmail da Google Photos ake rabawa, don haka ba wurin zuba Asali ba ne. Abin da ka jefa a shara yana ci gaba da cin fili har kwana 30 sai in ka kwashe shi. Tana kuma yarda fayil biyu masu suna ɗaya su zauna a folda ɗaya, ba za ta gargaɗe ka kamar Windows ba in dai daga wurare daban aka matso su. Babban abin shi ne izini. Duk wanda ka bai wa folda, ka ba shi duk abin da ke cikinta, har da ƙananan foldoji, har da abin da za ka ƙara gobe. Hotunan kamu da sa lalle taron mata ne, wasu ba mayafi, sun saki jiki don sun yarda da mu. In ka tura mahaɗin babbar folda ga abokin ango don yana son hoto biyu, ka miƙa masa bikin gaba ɗaya, shi kuma ya jefa a zauren WhatsApp. Kowane mai aiki a yi masa foldarsa, a sa Na Bayarwa kaɗai, izinin kallo kawai ba na gyara ba, kuma da adireshin imel ɗinsa in yana da shi. In ya tabbatar ya sauke, a rufe.

Katin walimar jiya yana cikin aljihun jakar kyamara. Ka buɗe mata folda yadda na faɗa, ka sauke, ka duba yawan hotunan da ke kati da waɗanda suka shiga Asali su zo daidai, sannan ka kira ni in gani kafin ka taɓa katin.