Mayar da ƙarfen bakin kibiya

Malam, ka ce ɗan ƙarfen da ake murɗa kan kibiya a cikinsa ya zare daga sandar kabon. Don Allah kar ka kai sandar bakin wuta, zafi yana cinye ƙarfin kabon ko ido bai gani ba.

Kankare tsohon gam, ka goge cikin sandar da auduga da sifirit. Murɗa kan kibiyar a cikin ƙarfen, riƙe da filaya, ɗumama ƙarfen kaɗan, shafa gam mai narkewa, sannan ka tura shi cikin sandar kana juyawa. In ya huce, mirgina kibiyar a tebur. In bakin yana rawa, sake zaunar da ƙarfen.

Ranar Gombe a watan Afrilu takan sassauta gam ɗin, kar ka bar kwari cikin mota.