Mesa ta yi ƙwai ta ƙi abinci: amsoshi ga masu kiwonta

Tambaya: Ina kiwon ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa idan ta tsorata. Ta yi ƙwai shida, ta yi gammo a kansu, duk ta rame, abinci kuma ko kallonsa ba ta yi. In kwashe ƙwan ne ko in bar mata?

Amsa: Malam, ramar nan ba ciwo ba ce. Ƙwan da ka gani daga jikinta suka fito, kuma yawanci tun kafin ta yi su take daina ci. Idan ka bar mata, za ta yi kwanci na kwana 55 zuwa 60, galibi ba ta karɓar abinci sai ruwa. Hakan na yiwuwa, muddin akwatin na da ɗumin digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Selshiyas da danshi sosai. Amma ni, in kana da na'urar ƙyanƙyasa, na fi son ka kwashe, don uwar ta fi saurin murmurewa.

Ku zama ku biyu. Ɗaya ya lulluɓe mata kai da tawul ya warware ta a hankali daga wajen wutsiya, ɗayan ya janye ƙwan. Mesar da ba ta taɓa kai maka cizo ba, ranar tana iya gwadawa.

Abin da masu kiwo suka fi sakaci da shi shi ne wanki. Ka wanke ta da ruwan ɗumi, ka zubar da shimfiɗar akwatin, ka wanke akwatin da maɓoyarta da kwanon ruwa tas. In ƙanshin ƙwan ya rage, za ka tarar ta sake yin gammo a fili, wani lokacin ma a kan kwanon ruwa, tana kwancin abin da babu, ta ci gaba da ƙin abinci. Wajen wankan ka shafa cikinta daga tsakiya zuwa ƙasa. Ya kamata ka ji shi a lafe, fatar ta saki. Ka ji wani ƙullutu mai tauri, ko ka ga tana ta yunƙuri ba abin da ke fita, to ƙwai ne ya maƙale. Kada ka matsa da hannu, yana iya fashewa a ciki. Likitan dabbobi za ka kai wa ba tare da jinkiri ba.

Bayan kamar mako guda ka ba ta ƙaramin ɓera, wanda bai kai girman na da ba. Ta ƙi, cire shi ka sake gwadawa wani makon. Kada a haɗa ta da namiji sai nauyinta ya dawo yadda yake.

Tambaya: Zan riƙa juya ƙwan kamar na kaza?

Amsa: Ko kusa. Ɗan da ke ciki yana manne wa saman ƙwan, juyawa na iya kashe shi. Sa alama da fensir a saman kowanne, ka ajiye shi yadda ka same shi. Waɗanda suka manne da juna a bar su haka, ɓawonsu mai taushi ne, yagewa yake. Haska da tocila a duhu: mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi, ɓaragurbi kuwa ƙarami ne, rawaya, ba jijiya ko ɗaya.

Tambaya: Tawa ba ta tare da namiji, amma ta yi ƙwai. Yaya aka yi?

Amsa: Hajiya, ana samun haka. Mesa na iya adana maniyyin namiji na tsawon lokaci, wani sa'in ma ƙwan ya yi rai ba namiji sam. A 2020 wata mesa mai shekara 62 ta yi ƙwai bakwai a gidan namun daji na St. Louis a Amurka, bayan shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba. Ki haska naki kafin ki zubar.